TSOHUWAR MOTA, SABUWAR SIFIKA DA ALBASHIN MA'AIKACI

Rubutun yau zai ɗan yi tsawo, wanda yake sauri ya ajiye shi sai ya samu sarari.

Duk wanda ya leƙa wurin ajiye motoci na sakatariya, ta jiha ko ta ƙaramar hukuma, ya san abin da zai gani. In ka cire masu lambar gwamnati, sauran Golf 3 ce, da Corolla, da Civic, da Vectra, waɗanda da yawansu sun girmi yaran da ke rubuta JAMB bana. Iyayenmu da suka yi aiki bayan ƙarin albashin Udoji na 1974 sun ga wani zamanin daban. Kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa 504 a Kaduna a 1975, ma'aikaci yana karɓar rancen mota ya ɗauko sabuwa dal. Mu kuwa a zamanin 'yar Kwatano muka taso, ita ma daga Janairun 2017 aka hana shigo da ita ta kan iyakar ƙasa. Sai ga 29 ga Mayun 2023, aka ce tallafin mai ya tafi. Litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. Dala kuma da take wajen 460 a farashin gwamnati ta tsallake 1,500, kuɗin fito na kwastam ya bi ta a baya.

Ma'anar wannan duka ga ma'aikaci irina guda ɗaya ce: motar da take hannunka ita ce motarka, har sai abin da hali ya yi. Maganar sayarwa a ƙara kuɗi a canza wata ta zama labari. Saura lallaɓawa.

A cikin lallaɓawar ne na canza sifikun ƙofofin gaba na Corolla ɗina, ƙirar 2004. Da na faɗa a majalisa, wani abokina ya yi dariya har da buga cinya, ya ce, "Malam, a wannan marrar da ake lissafin kwanon masara, kai sifika ce damuwarka?" Tambayar tasa tana kan hanya, shi ya sa na ga ya dace in amsa ta a nan, don na san akwai masu irin tunaninsa da yawa.

Kusan kowace Juma'a in an tashi aiki nakan kama hanyar gida, ta Kabuga, Janguza, Kabo, Karaye, in sauka Turawa, ranar Lahadi da yamma in juyo da 'yar ƙullin kifin dam ɗin Challawa. A wannan tafiyar rediyo ce jaridata. A nan nake jin Inda Ranka na Freedom Radio, a nan nake jin labaran yamma, sanarwar gwamnati, farashin kasuwa, ta'aziyya da cigiya. Mu Hausawa rediyo ba abin wasa ba ce a wurinmu. BBC tana magana da Hausa tun 1957, kuma kowa ya ga yadda mutane suka damu a watan Maris na 2025 da Muryar Amurka ta yi shiru. Wani Baffana da nake yawan ɗaukowa zuwa asibiti a Kano, da ya shiga mota abin da zai fara cewa shi ne, "Ɗana, kunna mana mu ji duniya." To a ce mai labarai yana magana, sifika tana ɗar-ɗar kamar an sa ƙuda a gwangwani, tsoho yana ta "me ya ce?", kai direba kana karkata kai wajen ƙofa maimakon ka kalli titi. Wannan ai ya wuce maganar ado. Kuma direban da rediyonsa ba ta fita, shi ne za ka ga ya ɗauko waya yana latse-latse a kan gudu.

Yanzu bari in faɗi abin da na koya, ko wani zai tsira da kuɗinsa.

Na farko, kada ka sayi komai sai ka tabbatar sifikar ce ta mutu. Shiga saitin rediyon, mayar da sauti gaba gaba ɗaya, sannan hagu, sannan dama, ka saurari kowace ƙofa ita kaɗai. Idan tana ƙara tana karkarwa, galibi takardar ce ta yage ko soson da ya zagaye bakinta ya ruɓe. Zafin Afrilu a mota rufe, ƙurar hunturu, da ruwan damina da ke bi ta gefen gilashi, su ne ke cinye shi a hankali. Idan kuwa shiru take yi, ko ta kawo ta ɗauke in an buɗe ƙofa, a duba wayar da ta bi ta cikin robar nan da ke tsakanin ƙofa da jikin mota. Shekara 20 ana buɗewa ana rufewa, dole ta karye, kuma gyaranta bai kai kuɗin sifika ba ko kusa. Idan filashi ko waya suna fita tas amma rediyo tana shuuu, matsalar eriya ce. Akwai ma wani abu da mutane ba su cika sani ba: rediyon motar da ta fito daga Amurka, a zangon AM goma-goma take tsalle, tashoshinmu kuma tara-tara aka jera su. Shi ya sa ba za ta zauna daidai a kan 594 na Rediyon Kaduna ba. Ko sifikar zinare ka sa, wannan ba zai gyaru ba.

Na biyu, lambar da ke jikin kwali. Nan ne ake yanka mutane. Za ka ga kwali mai ƙyalli an rubuta 800W ko 1000W da manyan baƙaƙe, mai shago yana nuna maka da yatsa yana cewa, "Yallaɓai, wannan in ka sa sai an ji ka daga kwana." Waccan lambar, wadda ake rubuta MAX ko PMPO a gefenta, ƙarfin da sifikar za ta iya ɗauka ne na ƙiftawar ido. Lambar gaskiya ita ce wadda aka rubuta RMS, yawanci da ƙananan baƙaƙe a bayan kwali, ita ce abin da za ta jure ana ta tafiya. Rediyon mota ita ma haka: ko an rubuta 50 sau 4 a fuskarta, abin da take bai wa kowace sifika a zahiri bai cika wuce wat 20 ba. To me za ka yi da wat 1,000? Ba girin-girin ba dai, ta yi mai. Abin da ya fi amfani ga mai rediyon asali shi ne lambar da ke ɗauke da dB, wadda ke nuna yawan sautin da sifika ke fitarwa da ƙaramin ƙarfi. Bambancin 3 kacal a wannan lambar daidai yake da ninka ƙarfin rediyo sau biyu. Mai 91 za ta fi mai 88 fita a rediyo ɗaya, ko da kwalin mai 88 ya fi cika baki.

Ina tsaye a shagon nan ina juya kwali, wallahi albashinmu ne ya faɗo mini a rai. A 2019 aka sa hannu a mafi ƙarancin albashi na naira 30,000, lokacin dala tana wajen 360, wato kusan dala 83. A Yulin 2024 aka mayar da shi 70,000, Kano ta ce 71,000, amma a farashin dalar lokacin bai kai dala 50 ba. Lambar gaban kwali ta ninka fiye da biyu, ta bayan kwali ta ragu. Kuma ita sifikar da taya da batir da man juye, duk da dala ake shigo da su. Wanda ya iya karanta kwalin sifika ya kamata ya iya karanta kasafin kuɗi da alkawarin 'yan siyasa: in an faɗa maka biliyoyin da aka ware, ka tambayi nawa aka saki, nawa kuma ya isa ƙasa.

Na uku, girma da zurfi. Yawancin ƙofofin gaba na irin motocinmu inci 6.5 ne ko 5.25. Mafi sauƙi, a ciro tsohuwar ka riƙe ta a hannu ka tafi da ita kasuwa, Sabon Gari ne ko Ƙofar Ruwa. Ka gwada faɗi, ka gwada zurfi. Mutane suna son mai ƙaton maganaɗisu, suna ɗaga ta suna jin nauyi kamar masu sayen kankana, alhali in ta cika zurfi gilashi zai doke ta duk sanda aka sauke shi. Ka duba kuma an rubuta ohm 4, shi ne abin da akasarin rediyon mota ke so. Mai 2 tana sa rediyo ta yi zafi, ta gida mai 8 kuma ba za ta fita sosai ba. Kuma kada a raina ta Beljiyam da aka ciro daga wata motar: in takardarta da sosonta lafiya lau suke, sau da yawa ta fi sabuwar jabu mai ɗauke da sunan babban kamfani. Akwai kuma masu gyara da ke canza takarda su sake naɗi. Wanda aljihunsa bai kai ba, wannan ma hanya ce.

Na huɗu, ɗauri. Na zauna a kan benci tun daga farko har ƙarshe, ban bar mota na tafi ba. Mai wayarin ɗin yaro ne natsattse, na ce masa, "Injiniya, sharaɗina uku: kada ka yanke wayar asali, kada ka yar da ledar cikin ƙofa, kada ka bar rami a gefen sifika." Ya ce, "An gama, Oga." Ledar nan da ake yagewa a jefar, ita ke tare ruwa. Ramin gefe kuma shi ke sa sauti ya zama holoƙo, don iskar bayan sifika tana zagayowa ta kashe ta gaba. Toyota da yawa sifikarsu da ribit aka kafe ta, sai an huda an cire, a sa zobe na roba ko katako kafin sabuwa ta zauna daram. Sai maganar waya mai ƙari da mai ragi. In aka juya ta a ƙofa ɗaya, duka biyun za su yi ƙara amma kaurin murya zai ɓace. Gwajin ba wuya: ƙaramin batir na tocila mai 1.5, a taɓa wayoyin, in takardar ta turo waje to wayar da ke kan ƙarin batir ita ce ƙari. Masu Honda da Golf kuma su tabbatar suna da lambar sirrin rediyonsu kafin a cire kan batir, don wasu in wuta ta ɗauke sai sun nemi lamba.

Me ya sa na gaba kawai? Saboda a gaba kake zaune, kuma muryar mutum daga nan ya kamata ta zo maka. Mai kuɗi kaɗan ya zuba su a ƙofofin gaba ya bar na baya yadda suke. Ni ban sa wufa ba, ban sa amfilifaya ba. But ɗina na buhun masara ne, kuma batir da altaneton tsohuwar mota ba sa son ƙarin kaya. Wanda ya ga lallai sai ya sa, don Allah a sa fiyus kusa da batir, kuma in fiyus ya ƙone a sayi wani, kada a naɗa masa waya. Motoci nawa muka gani sun kama wuta a titi saboda wayarin ɗin ganganci?

Ga ƙannenmu masu ƙure sauti har gilashi na rawa, ku ji tsoron Allah ku ji tausayin kunnuwanku. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sautin da ya kai dB 80, awa 40 a mako shi ne iyaka ga babba, kuma duk ƙarin da aka yi lokacin raguwa yake. Jin da ya tafi ba ya dawowa, ba a sayar da shi a Ƙofar Ruwa. Direban da ba ya jin hon na bayansa ko jiniyar motar asibiti, haɗari ne ga kowa. Ga 2027 tana matsowa, mun san motocin kamfe za su fito da manyan lasifika a kan rufi. Muna roƙo tun yanzu, a rage in an zo kusa da asibiti, makaranta da masallaci. Ƙarar lasifika ba ta taɓa ƙara wa magana gaskiya ba.

Abin da na kashe bai kai kuɗin man zuwa gida sau biyu ba, kuma ina sa ran zai yi mini shekaru. Amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yaron da ya yi aikin. Tunda ƙasa ta koma zaman gyara, irinsu ne ke riƙe da mu: masu wayarin, bakanikai, masu naɗin sifika da altaneto, masu gyaran rediyo. Yawancinsu a gindin bishiya suka koya, ba mita, ba takarda, sai basira. Da ƙananan hukumominmu na Karaye da Rogo za su ɗauki nauyin horar da matasa irin wannan aikin yadda ya kamata, a ba su kayan gwaji maimakon a raba musu abin da za su sayar washegari, da ba sai mun kai mota Kano don waya ɗaya ta tsinke ba. Ita kuma ƙungiyar ƙwadago, in an zauna maganar albashi na gaba, a tuna da rancen abin hawa mai sauƙin biya, ko na babur ne. Ma'aikacin da ba ya iya zuwa wurin aiki, ba aikin da zai yi.

Masu sana'ar da ke bibiyar shafin nan, in akwai abin da za ku ƙara, bismillah, mu ƙaru da juna. Allah ya sa albarka a ɗan abin da muke samu, ya tsare mu a hanya, ya kawo mana sauƙin rayuwa. Amin.