Wayar Ɗan Kasuwa Da Sirrin Da Ke Cikinta

Yau ina so mu ɗan taɓa batun babbar manhaja ne, wato wadda ke tafiyar da wayar salula gaba ɗayanta. Galibinmu biyu muka sani, Android ta Google da iOS ta masu iPhone, amma akwai wasu da aka yi musamman don waɗanda ba sa so kamfani ya riƙa leƙa musu asiri.

Na san wani zai ce shi wane sirri gare shi. To ɗauki wayar mahaifina, mai sayar da albasa a Mile 12. Akwai lambobin direbobin da ke ɗauko kaya daga Aliero, da na matan Yarabawa masu karɓar kaya bashi, da na kusan duk danginmu na gida. Amanar mutane ce fa a aljihunsa. Kuma mun ga yadda manhajojin ba da rance suka riƙa kwashe lambobin wayar wanda ya ci bashi suna tura wa surukansa saƙon cin mutunci, har sai da Google ta hana su taɓa lambobi da hotuna a 2023.

A ganina GrapheneOS ce gaba. Android ce aka cire mata kayan Google aka ƙara mata tsaro. In ka ga dama ka saka Play Store, amma zai zauna ne kamar kowace manhaja, ba shi da ikon shiga inda ba ka buɗe masa ba. Abin da ya fi burge ni shi ne, idan manhaja ta nace sai ta ga lambobinka, kana iya nuna mata guda biyu kawai ta ɗauka su ke nan. Kana kuma iya yanke wa kowace manhaja intanet, domin me zai kai tocila intanet? Abin dariyar shi ne, shekara da shekaru a kan Pixel kaɗai take hawa, wayar ita Google ɗin da ake gudu.

LineageOS, wadda ta gaji CyanogenMod a ƙarshen 2016, ta fi yawan wayoyin da take karɓa, kuma tana farfaɗo da tsohuwar wayar da kamfaninta ya daina kulawa da ita. Sai dai galibi makullin wayar a buɗe ake barinsa, in ta faɗa hannun ɓarawon da ya san kan abin, aikinsa ya yi sauƙi. Daga jikinta wani Bafaranshe, Gaël Duval, ya fitar da /e/OS, wadda ke amfani da microG a madadin kayan Google. Su Ubuntu Touch da Sailfish ta ƙasar Finland kuwa, na masu sha'awar gwaji ne, ɗan kasuwa ya bar su kawai.

Matsalar tamu a nan take. Tecno da Infinix da itel muke riƙewa, duk na kamfanin Transsion, kuma da wuya ka ga sunansu a jerin wayoyin da waɗannan manhajoji ke karɓa. Alhali a 2020 an gano muguwar manhajar Triada a cikin dubban Tecno W2 tun daga kwali, kamfanin ya ɗora laifin a kan wani da yake yi masa aiki. Wato masu ƙaramar waya da suka fi bukatar kariyar su ne ba a yi da su ba.

Sannan ga banki. Wasu manhajojin banki ba sa tashi in suka ga an taɓa babbar manhaja, kuma ɗan kasuwar da ba ya ganin alat ai ya rufe shago. Layinka ma tun umarnin 2020 a haɗe yake da NIN, kamfanin layi ya san ko kai wanene duk manhajar da ka saka.

Duk da haka wanda ke da hali ya nemi Pixel ta hannu a Computer Village da ke Ikeja, gara daga 8 zuwa sama, su aka yi wa alkawarin sabuntawa na shekara 7. Amma kafin ka miƙa kuɗi, ka sa mai shagon ya nuna maka wurin da aka rubuta "OEM unlocking". In ya ƙi taɓuwa, kamar yadda yake a na kamfanin Verizon da ake kawowa daga Amurka, ajiye masa kayarsa. Kuma ka kwashe hotunanka da lambobinka tukuna, domin buɗe makullin yana share komai.