Saura ƙiris kuɗin makarantata ya koma talabijin

Jama'a, rubutun nan yana da tsawo, wanda datarsa ta kusa ƙarewa ya wuce abinsa, ba zan yi fushi ba. Tun shekaranjiya da na saka hoton falon da nake gyarawa, mutum biyar ne suka biyo ni ta akwatin saƙo da tambaya iri ɗaya: wai ina OLED ɗin da na cika wa mutane kunne da shi? Gara in amsa sau ɗaya kowa ya huta.

Abin ya samo asali ne daren 11 ga Fabrairun 2024, ranar wasan ƙarshe na kofin Afirka tsakaninmu da Kwaddibuwa. Duk wanda ya yi mastas a Jami'ar Abuja ya san ajin kashi biyu ne. Akwai masu zuwa lakca da mota mai sanyi, makulli a yatsa, ma'aikatan banki da na gwamnati masu neman takardar ƙarin girma. Akwai kuma mu, 'yan Suleja da Madalla da Zuba, da ke idar da asuba mu nufi tasha, a matse mu mutum huɗu a baya har Giri. Abin dariyar ma, sunan Abuja namu ne tun asali. Bayan an tsayar da sabon babban birni a 1976 aka karɓi sunan, garinmu ya koma Suleja, daga sunan Sarki Sulaimanu Barau. Mun ba da suna, yanzu mu ne muke ba da wurin kwana ga waɗanda hayar can ta kora.

To a daren nan wani ɗan ajinmu, wanda kowa ke ce wa Oga, ya gayyace mu gidansa a Gwarimpa, wai mu yi bitar darasin hanyoyin bincike sannan mu kalli ƙwallo. Bitar ba ta kai rabin awa ba. Da lokaci ya yi ya kashe fitilun falo, ya danna rimot. Wallahi ni da na taso a gidan kallo, inda kake biyan kuɗi ka zauna a benci kana leƙe ta saman kan wani, ban taɓa sanin haka ciyawa take a talabijin ba. Da kyamara ta ɗaga sama ta nuna dare a kan filin Abijan, ban iya gane inda gilashin ya ƙare bango ya fara ba. Troost-Ekong ya ci mana, Kessie ya rama, Haller ya ƙarasa mu, 2 da 1. Mutane suka fito ana ta tsaki, ni kuwa Allah ya sani ba kofin nake tunani ba. A mota har Zuba talabijin ɗin nake gani.

Daga nan cuta ta kama ni. Sai in buɗe waya da niyyar sauko da maƙala, in tsinci kaina a YouTube ina kallon wani Bature yana gwada talabijin biyu a ɗaki mai duhu. Ina da aboki da muka yi sakandare tare, ya karanta injiniyan lantarki, yanzu yana gyaran kayan wuta kusa da kasuwar IBB. Injiniya muke ce masa. Shi ya gaji da tambayoyina, wata rana ya ajiye abin da yake yi ya zaunar da ni.

Ya ce, "Mutumina, duk waɗannan da kake gani a shaguna ana ce musu LED, LCD ne. Gilashin ba ya ba da haske da kansa, fitilu ne jere a bayansa suna ci koyaushe, shi kuma yana tare hasken ko ya sake shi. Ka ɗauka ka rufe aci-balbal da ƙyalle, dole wani abu ya ɓullo. Shi ya sa baƙinsa ke komawa toka-toka. OLED kuwa kowane ɗigo fitilar kansa ne. A mai 4K ɗigo ya haura miliyan 8, in ana son baƙi sai kawai ɗigon ya mutu. Abin da ka gani a Gwarimpa ke nan, ba sihiri ba ne."

Shi ne kuma ya gargaɗe ni a kan QLED, domin saura kaɗan wani mai shago ya sa in yarda abu ɗaya ne. Harafi ɗaya ya raba su a kwali, amma QLED shi ma LCD ne da aka ƙara wa launi, da fitilunsa a baya. Ya ce kuma in daina cewa filasma, an daina ƙera filasma tun wajen 2014, sunan ne kawai ya maƙale a bakinmu kamar yadda kowane garin wanki ya zama Omo.

Yanzu ga inda maganar ta zama ta gaske. An sa mini ranar aure. Kun san yadda abin yake a wajenmu, gado da kujeru da jeren kicin na gidan amarya ne, kayan kallo kuwa ango ake kallo. Ina koyarwa a wata makaranta mai zaman kanta, ina ɗan lesin da yamma, ƙanena kuma yana riƙe mini teburin POS. Da haka na shiga adashe da malamai, mu 12, dubu 50 duk wata. Da kwasata ta zo, Naira dubu 600 ta faɗo asusuna a rana ɗaya. Ban taɓa riƙe irin wannan kuɗin nawa na kaina ba. Kuma tun kafin ya zo na san rabinsa ba nawa ba ne: rajistar makaranta, buga takardun tambayoyi na bincikena a kan 'yan kasuwa da hada-hadar kuɗi ta waya, kuɗin mota zuwa wajen sufabaiza, da ɗaurin kundi in Allah ya kai mu.

Sabon OLED mai inci 55 ko tambaya ban yi da ƙarfi ba, inda na leƙa ya haura miliyan ɗaya da rabi. Ƙananansa ma ba su da yawa, ba a yin sa a inci 32 irin na talaka. Amma sai wani ya ba ni labarin mai kawo na hannu daga waje, waɗanda muke ce wa Baljiyam. Na je. Ga shi nan a jingine, siriri kamar murfin littafi, ya saka masa bidiyon nan na kifaye masu launi da ake sa wa kowane talabijin a shago. Ya ce dubu 750. Muka yi ta ja har ya sauko 580. A raina na riga na gama lissafin ƙarya: in biya, rajista kuma in roƙi yayana ya ranta mini, takardun tambayoyi in rage su, sufabaiza in riƙa kiransa a waya maimakon zuwa.

Washegari na koma da Injiniya. Bai ko kalli kifayen ba. Ya ciro filash daga aljihu, ya ce a saka. Babu komai a ciki sai hotunan launi zalla, ja, kore, toka. Da aka zo kan tokar sai ga wata inuwa doguwa kwance a ƙasan gilashin, da wani ɗan da'ira a kusurwar sama. Ya nuna da yatsa ya ce, "Ka gani? Mai shi na farko ɗan kallon labarai ne. Wannan layin rubutun da ke gudu a ƙasa ne, wancan tambarin tasha." Ya bayyana mini cewa tunda kowane ɗigo ke kona kansa, wanda aka bari yana nuna abu ɗaya na dubban awanni yana riga 'yan'uwansa gajiya, kuma ba ya warkewa. Sababbin suna da dabarun rage matsalar, amma wannan tsoho ne, kuma ya riga ya kamu.

Mai shagon bai musa ba, in faɗi gaskiya. Cewa ya yi, "Malam, ai ba toka za ka riƙa kallo kullum ba." Ku ji abin kunya: na goyi bayansa. Na ce wa Injiniya ai da ƙwallo ba a ganin inuwar. Ya dube ni ya ce, "To a gidanka me za a riƙa kunnawa?"

Tambayar ta tsaya mini. Na san amsar sarai. A gidanmu Umma tana kunna tashar Makka tun hantsi, ana nuna ɗawafi, da rubutu a ƙasa da tambari a sama, har magariba in akwai wuta. Amarya kuma na san Arewa24 ce tata, Daɗin Kowa da sauransu, shi ma da tambarinsa a kusurwa. Kuma duk ta ƙaramin dikoda, hoton da ko kusa bai kai 4K ba. Ka ba OLED irin wannan hoton, sai dai ya ƙara fito maka da lahaninsa a inci 55. Abin da zai nuna bajintarsa fim ne mai nauyi ta intanet, ni kuwa data ta sauko da maƙala nake lissafi. Ga falon da na kama, tagoginsa biyu suna fuskantar rana, baƙin da nake mutuwa a kansa sai a duhu yake fitowa.

Injiniya ya ƙara da nasa ɓangaren na mai gyara. Ya ce LCD in fitilun baya suka mutu, kullum yana canja su a shagonsa, a kawo da safe a ɗauka da yamma. OLED in gilashin ya tafi, kuɗin sabon gilashi ya kusa kuɗin talabijin ɗin, in ma an samu. Sannan wutar unguwarmu, wadda takan zo wani lokaci kamar kyandir wani lokaci kamar tsawa. Jiharmu ce ke da Kainji da Shiroro da Zungeru, amma ba a nan zan buɗe wannan babin ba.

Duk da haka na ciro waya zan tura dubu 50 kafin alƙalami. Na danna sau uku, sabis ya ƙi. Ni mai teburin POS, ni mai bincike a kan hada-hadar waya, ranar sabis ya ƙi ni. Muka rabu a kan sai gobe.

Da dare na kira mutuniyar, na zage ina yi mata bayanin ɗigo miliyan 8 da baƙi na asali. Ta saurara har na gama, sannan ta ce, "Malam, shi wannan baƙin, in an ɗauke wuta ba shi kowane talabijin ke nunawa ba?" Na yi dariya har da tari. Ita ba ta daɗe tana dariyar ba. Ta ce, "Ka tuna abin da ka ce wa Baba." Na tuna. Da aka je maganar sa rana, mahaifinta ya so a bari sai na kammala, ni na durƙusa na ce masa in sha Allahu auren ba zai taɓa karatun ba, bana zan kare kundina. A kan wannan maganar ya yarda.

Bayan mun ajiye waya na kwanta ina kallon silin, na tambayi kaina wa nake saya wa talabijin ɗin nan. Ba Umma ba ce, ba amarya ba ce, ita fanka mai caji ta roƙa saboda zafin Maris. Hoton da ke kaina tun farko guda ɗaya ne: ranar da 'yan ajinmu za su zo ganin gida, Oga ya shigo, ya ɗaga kai, ya ce "A'a, kai ma?" Wannan daƙiƙa biyun nake shirin biya wa dubu 580 da rajistar zango guda. Shekara biyu ina zama kusa da mutanen da takalminsu ya fi albashina, ban san abin ya taru a raina haka ba sai a daren.

Kada wani ya ɗauka na dawo ina kushe abin da na kasa saya. OLED ya fi, nesa ba kusa ba, idona ya gani. Wanda ke da kuɗinsa ba tare da ya taɓa na wani abu ba, yana da inbata, yana da intanet mai ƙarfi da labule mai kauri, ya saya sabo ya more, in ya gayyace ni zan zo da gyaɗa. Oga bai yi laifin komai ba, shi a falonsa abin ya dace.

Da safe na kira mai Baljiyam na ba shi haƙuri, na wuce banki na biya rajista tun kafin shaiɗan ya farka. Da la'asar ni da Injiniya muka ɗauko sabon LCD mai inci 43 a kan dubu 250, da takardar garanti ta shekara guda. Ragowar ta tafi a na'urar kare shi daga hawan wuta da 'yar fankar da aka roƙa, sai da na cika da dubu goma daga aljihu.

Daren da muka rataye shi na kashe fitila na saka fim. Gefen sama da ƙasa toka-toka ne, a kusurwar hagu ma akwai ɗan haske da ke ɓullowa. Na gani, kuma zan ci gaba da gani, Injiniya ya lalata mini ido. Na nuna wa ƙanena, ya matso har hancinsa ya kusa taɓa gilashin, ya ce shi bai ga komai ba, in matsa in ba shi wuri. Umma da ta zo ganin gida washegari aka kunna mata tashar Makka, ta zauna ta ce, "Tubarkalla, har fuskokin mutane ana gani."

Takardun tambayoyina sun fito daga wajen bugu, suna nan a kwalin talabijin ɗin saboda ƙura. Ranar Litinin zan fara rabawa a kasuwar IBB, mako mai zuwa Madalla. Don Allah wanda ya san wani a cikin shugabannin 'yan kasuwar Madalla da zai iya gabatar da ni, ya taɓa ni ta akwatin saƙo.