Bel ɗin Ƙaramar Mota da Darasin Aron Kalmomi

A tarin kayan gwanjo na kasuwar Maradi ɗalibin ya tsinci motar: tsohuwa, tsawonta bai wuce kamu ɗaya ba, irin wadda ake tuƙawa daga nesa da rimot. Ya saye ta domin ƙanensa. Da aka sa mata batir sai injinta ya ɗauki ƙara, ƙafafun baya suka juya, na gaba kuwa ko motsi. Ya jefa ta cikin jaka, ya ci gaba da aikin da ya fito da shi.

Aikin shi ne tattara kalmomin aro a bakin makanikai da masu injin niƙa, a garuruwan da ke kan babbar hanya mai lamba 1: Gidan Rumji a yamma da Maradi, Agye da Gazawa a gabas. Littafinsa ya cika da tagwayen kalmomi: buji da fulogi, isansi da fetur, na farko daga Faransanci, na biyu daga Ingilishi ta hanyar Katsina da Jibiya. Har ya riga ya tsara hukuncin da zai rufe kundinsa da shi, cewa a fagen inji Hausa baƙuwa ce, ba ta da komai sai abin da ta ara.

A wani ƙauye kusa da Gazawa ya sauka wurin kawunsa, wanda ya tsufa a rumfar niƙa. Dattijon bai taɓa ganin irin wannan mota ba. Ya kifa ta, ya kwance murfin cikinta, ya sa ɗan yatsa ya danna wata siririyar roba mai haƙora da ta tashi daga baya zuwa gaba. “Ɗana,” ya ce, “bel ne ya saki. Ya tsufa, haƙoransa sun cinye, sai tsallake yake yi.”

Abin da ya gano cikin ƙiftawar ido yana da tarihi. A 1985 kamfanin Kyosho na Japan ya fitar da Optima, wadda sarƙa ke kai ƙarfi ga ƙafafunta huɗu. A 1986 Schumacher na Ingila ya fito da CAT mai bel, da ita kuma Masami Hirosaka ya ci gasar duniya a 1987, shekarar da Kyosho ma ya koma ga bel a Optima Mid. Bel ya fi sarƙa sauƙin nauyi, ba ya son mai, ba ya yawan ƙara. Dattijon bai san ko ɗaya daga cikin waɗannan sunaye ba, amma ya san dokar da ke ƙarƙashinsu.

Ya ja ɗalibin zuwa gaban injinsa, ya yi masa bayani. Idan ƙaramar kura ta ja babba, gudu ya ragu, ƙarfi ya ƙaru. Idan aka ɗaure bel ya yi tsauri, sai ya ci boris. Idan aka sassauta, sai ya zame, ya yi zafi, ya yi ƙauri. Bel ɗin niƙa ba shi da haƙora, kuma a cewarsa wannan rahama ce: in dutse ya shiga hatsi ya cije, bel ne zai zame, inji ya tsira. Ranar da ya tsinke kuwa, matan ƙauyen kan koma ga turmi har sai an samo wani daga birni.

Da daddare ɗalibin ya sake sauraron abin da ya naɗa, sai jikinsa ya yi sanyi. Bel, inji da boris aro ne. Amma saki, ɗaure, sassauta, zame, cije, tsallake da tsinke duk Hausa ce tsantsa, haka ma haƙori da kura, waɗanda aka faɗaɗa ma'anarsu. Sunaye kawai ya yi ta tambaya, yana nuna ƙarfe yana cewa “mene ne wannan?”, sunaye kuma aka ba shi. Bai taɓa tambayar abin da ƙarfen yake yi ba. Ga shi kuwa ya karanta binciken da Haspelmath da Tadmor suka shirya a 2009 kan harsuna 41, har da Hausa, wanda ya nuna cewa harsuna sun fi aron suna a kan aikatau. Ya haddace wannan domin jarrabawa, amma sai a rumfar niƙa ya fahimce shi.

Washegari dattijon ya yanko tsohon tif na keke, ya ɗinke bakinsa, ya ɗora a madadin bel. Motar ta yi tafiyar taku goma a tsakar gida, yara na ihu, sannan robar ta zame. Ɗalibin ya soke hukuncinsa, ya buɗe sabon shafi, ya rubuta “aikatau” a samansa, ya nemi motar komawa Agye domin ya sake tambayoyin daga farko.