Wasiƙa Zuwa Ga Ɗana, Ma'ajin Kuɗin Rijiya

Labari ya iso mini cewa ranka ya ɓaci a taron unguwa, saboda wani dattijo ya ce ka kawo rasit na kuɗin rijiyar burtsatse da aka tara a hannunka. Har an ce ka yi niyyar ajiye muƙamin, wai an zubar maka da mutunci. Na rubuto a fili ne domin ba kai kaɗai ke fama da wannan ciwo ba.

Na san ba ka ci ko sisin kwabo ba. Amma sanina ba zai amfani bazawarar da ta cire dubu biyu daga cinikin ƙosai ta miƙa maka ba. Ita ba ta san zuciyarka ba, abin da za ta iya gani shi ne takarda da rijiya. Duk wanda ya karɓi dukiyar jama'a ya ɗauki amana biyu: kada ya taɓa, kuma ya tsaya ya ba da ba'asi duk ranar da masu ita suka tambaya. Mutanenmu sun riƙe ta farko, sun yi sakaci da ta biyu. Da an ce "ina lissafi?" sai ka ji an ce "ba ku yarda da ni ba ke nan?" Da wannan kalami ɓarayi da yawa suka rufe bakin jama'a, don haka bai dace da bakin mai gaskiya ba. Mai kaza a aljihu ne ba ya jimirin as.

Ka tuna Manzon Allah (SAW) ya aiki wani sahabi, Ibnul Lutbiyya, karɓar zakka, da ya dawo kuma ya yi masa lissafi. Mutumin ya ware wani kaso ya ce kyauta aka ba shi. Annabi ya hau mumbari ya nuna cewa da a gidan iyayensa ya zauna, babu mai kawo masa wannan kyauta. Idan an yi wa sahabi lissafi, wane ne ni, wane ne kai?

Dokar ƙasa ma a kan haka ta tsaya, ko da yake aiki da ita ya yi ƙaranci, kuma wannan yana damuna ƙwarai. Sashe na 85 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ɗora wa Babban Odita na Tarayya binciken asusun gwamnati da miƙa rahoto ga Majalisa. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa damar neman takardun ma'aikatar gwamnati, kuma a ba shi amsa cikin kwana 7. Marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa da ya hau mulki a 2007 ya bayyana kadarorinsa ga kowa da kowa, alhali abin da doka ta wajabta masa shi ne ya miƙa su ga Hukumar Ɗa'ar Ma'aikata. Hakan bai rage shi da komai ba, har yau ana ambaton sa da shi.

To, ga abin da nake so. Ka fitar da kuɗin nan daga asusunka na banki, ku buɗe na ƙungiya wanda sai mutum biyu sun sa hannu za a cire. Ka sayi littafi mai kauri, kowane shige da fice ka rubuta shi a ranar, har ɗari biyun da mai POS ya yanka. Mai siminti ya ba ka rasit. Leburan da ba shi da rasit ya dangwala yatsa a gaban shaida. Idan mai haƙar rijiya ya kawo maka "na goro", ka mayar masa, ka kuma faɗa wa kwamiti, domin kujerar ya ba, ba kai ba. Ƙarshen kowane wata ka liƙa lissafin a bangon masallaci tun kafin wani ya tambaya.

Shi kuma dattijon nan, ka je har gida da littafinka, ka zauna ƙasa ka buɗe masa shafi-shafi, ka yi masa godiya. Kada ka ajiye muƙamin sai ruwa ya fito kuma ka miƙa lissafi cikakke.

Mahaifiyarka tana gaishe ka. Allah ya yi maka albarka, ya fitar da kai kunyar jama'a.

Mahaifinka.