Gayauna da Uwar Kuɗi

A gidajen manoman ƙasar Makarfi inda muka taso, ba a zaunar da yaro a yi masa dogon bayani a kan kuɗi. Da ya fara tasawa sai maigida ya yanka masa gayauna a gefen gandu. Safiya ta gandu ce, yamma taka. Abin da ka noma naka ne, in an yi asara ma kai za ka ɗauka.

Barkono na fara sakawa a tawa. Da na sayar a kasuwar Makarfi ranar Laraba, Baffa ya ja ni inuwa kafin in doshi mai tsire. Ya ce, "Ɗana, ware kuɗin iri, ware na taki, ga la'adar dillali. Wannan tarin uwar kuɗi ce, ba a cin ta. Ɗan abin da ya saura, shi ne naka." Da fam da sule yake lissafi, alhali naira ta shigo tun 1973. In ya ce fam biyar, naira goma yake nufi, kuma ban taɓa ganin lissafinsa ya kauce ba.

Rake ne ya koya mana jira. Kusan shekara yake yi a fadama kafin a sare shi, ko a loda a mota ko a matse a dafa mazarƙwaila. Muna gani da idonmu yadda wanda ya ƙosa ya karɓi falle tun amfani bai nuna ba yake tashi hannu rabbana ranar girbi. Shi kuwa tumatirin Hunkuyi da sauran ƙauyukan Kudan, rashin tabbas ya koya mana. Yau kwando yana da daraja, mako mai zuwa kasuwa ta cika har sai an yanka an shanya kauɗa. An kafa masana'antar tumatir a Ikara a 1981, manoma suka sa rai, amma masu hankali ba su daina juya ribarsu zuwa awaki da buhunan masara ba. Da tsutsa ta cinye tumatir a 2016, irin waɗannan gidajen ne suka iya komawa lambu ba tare da bashi ba.

'Yan'uwanmu mata ma suna da tasu makarantar, kuma ina ganin ta fi tamu tsauri. Ribar tallar ƙuli-ƙuli tana shiga asusun ƙasa, Inna na riƙe da adashe. Yarinyar da ta makara da zubi ta san za a ji a unguwa. Ranar kwasa kuwa ba a tambayar me za a saya: kwanukan ɗaki ne ko 'yar akuya.

Yanzu gandu ya watse, gado ya rarraba gonaki, kuɗi sun koma cikin waya. Yaro ya yi acaɓa ko ya zauna a rumfar POS, ciniki ya shigo, kafin magariba data da cacar ƙwallo sun lashe, bai ma riƙe shi a hannu ba balle ya ware uwa da riba. Abin yana ci mini rai, domin yaran nan ba ragwaye ba ne. Ba a dai ba su abin da za su kira nasu su yi tattalinsa ba.

Bara na saya wa ɗan ƙanena ɗan rago, da sharaɗin ya riƙa rubuta kuɗin dusa da harawa da magani a littafi. Da layya ta matso ya sayar, ya kawo mini littafin muka yi lissafi tare, sannan ya koma kasuwa ya sayo ƙananan raguna biyu.