Kwalaben Habboba da lambun kharif

Duk wanda ya yi Larabci a makaranta an koya masa cewa kharif shi ne kaka, lokacin da ganye ke bushewa yana zuba. To, a Sudan in mutum ya ce maka kharif ya shigo, damina yake nufi. Kakarmu ta girbi kuwa darat suke ce mata. Saboda haka lambun kharif a Hartum da Umdurman kore ne shar, sai dai ba ya daɗewa.

Shekara 14 na yi a Umdurman, inda aure ya kai ni daga Kano. Maigidana yana fataucin turare da kayan ƙamshi, ni kuma ina haɗa humra a gida. Surukata haifaffiyar Mai Wurno ce, garin nan na bakin Shuɗin Nilu kusa da Sennar, inda jama'ar Sarkin Musulmi Attahiru suka zauna bayan yaƙin Burmi na 1903, ƙarƙashin ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno. Jikokinta Habboba suke ce mata, wato kaka, har sunan ya bi bakin kowa.

Ruwan da ke sauka a Hartum a shekara bai kai kashi ɗaya cikin huɗu na Kano ba, kuma kusan duk tsakanin Yuli da Satumba yake zuwa. Kafin ya zo sai an sha habub, guguwar ƙurar nan da ke tasowa kamar katanga ta rufe gari da rana tsaka. Bayanta sai yayyafin farko, da iskar nan mai ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa da suke kira du'ash. Cikin kwana kaɗan tsakar gidanmu ta canja kama. Lalle ya yi sabon toho, lemun tsami ya wanke ƙurar wata tara, na'a-na'a ya cika gindin randa, furen jahannamiyya ya sauko ta kan katanga ja wur. Da la'asar mu fito da gadajen igiya, a ɗora shayi. Habboba ba ta yarda a yi maganar bashi ko farashi a wannan zaman. Takan ce da maigidana, "Kai, bar lissafin nan. Kasuwa tana nan gobe, wannan koren fa na wata biyu ne."

Tagar ɗakinta tana kallon lambun, a nan take jera kwalabenta. Wofi ne duka, domin humra ba ta son rana, mai turare a ciki sai cikin akwati. Akwai masu sassaƙa kamar lu'ulu'u irin na kayan amarya, akwai shuɗaye, akwai wata koriya mai dogon wuya da ta gada wurin mahaifiyarta. In rana ta karkata bayan an ɗauke ruwa, haske ya ratsa ganye ya ratsa kwalaben, sai ka ga launi ya zuba a kan tabarma yana motsi. Yara su yi ta sa hannu suna kamawa.

Ita ta koya mini duba gilashi. "'Yata, ɗaga ta sama ki gani," in ji ta. Wadda aka zuba a ma'auni tana da siririn layi a gefe, inda ɓari biyu suka haɗu. Wadda aka hura da baki ba ta da shi, sau da yawa za ki ga 'yan ƙwayoyin iska a jikinta, da tabo a gindi inda aka cire ta daga sanda. Murfin gilashi na ƙwarai yana zama daram, ba ya rawa. Kuma gilashi ba ya shan ƙamshi, ba ya ba da nasa, shi ya sa humrar da ta shekara a kwalba ta fi wadda ta yi wata a roba. Wannan ilimin ya yi mini amfani a ciniki, amma ita ba don ciniki take kallonsu ba. Da na ba ta labarin Masaga na Bida, masu narka kwalabe su yi munduwa da duwatsun wuya, waɗanda ke cewa kakanninsu daga Masar suka taso, sai ta yi dariya ta ce, "Ashe mun yi kiciɓis a hanya, su suna yamma mu muna gabas."

Kowane kharif mukan ware rana guda mu tsallaka gada zuwa Hartum da yara. Mu fara da lambun tsirrai na ƙasa da ke Mugran, wanda aka kafa a 1954, kusa da inda Farin Nilu da Shuɗin Nilu suke haɗuwa. A lokacin Shuɗin ya cika ya yi jajir da laka daga duwatsun Habasha. Daga nan sai gidan tarihi na ƙasa, wanda aka buɗe a 1971. A farfajiyarsa akwai tsoffin gine-ginen Buhen da Semna da Kumma, da aka kwaso dutse-dutse daga arewa kafin ruwan madatsar Aswan ya shanye wurarensu. A ciki na ga gilashin da ban taɓa ganin irinsa ba: dogon kofi shuɗi mai zanen launi da ruwan zinari, daga kaburburan Sedeinga, na ƙarni na 3 miladiyya. A farfashe aka same shi, aka bi shi gutsure-gutsure aka haɗa. Babbar 'yata ta tsaya a gabansa har sai da aka ja ta. Ta ce, "Umma, wanda ya haɗa shi ya fi wanda ya ƙera shi haƙuri."

Habboba ta rasu kafin yaƙi, Allah Ya jiƙanta. Ranar 15 ga Afrilu 2023, muna cikin azumi, aka fara harbi. Da muka samu mota zuwa iyakar Masar, jaka ɗaiɗai aka yarda kowa ya ɗauka. Kayan shago duka suna can. Na naɗe kwalabe uku a cikin zani, har da koriyar, na ƙulle irin lalle a bakin mayafi. Wata mata a motar ta ce, "Baiwar Allah, ana gudun rai kina ɗaukar kwalba?" Na yi shiru, don ban da amsar da za ta shiga kunnenta a ranar. A Maris 2025, da sojoji suka karɓe tsakiyar Hartum, aka ga hotunan gidan tarihin an wawashe shi, akwatunan nuni a farfashe. 'Yata ta kalla a waya, ta tashi ta shige ɗaki.

Mu fatake mun saba auna gari da kasuwarsa. A tambaye mu Kwatano ko Jidda ko Dubai, mu faɗi farashi da kuɗin dako. Amma 'ya'yanmu a can aka haife su, garin nasu ne, kuma ranar da tafiya ta kama ba shago za su tuna ba. Nawa ba su san ko nawa ake sayar da sandal a Umdurman ba, amma sun san launin Mugran a Agusta. Wannan kam babu mai wawashe musu shi. 'Yan uwa, duk inda kuke, akwai lambu ko gidan tarihi ko bakin ruwa da ba ku taɓa kai iyali ba. Cinikin yini guda ne zai tafi.

Lallen ya tsiro a Kano, a cikin yankakkiyar jarka, ya kai gwiwa yanzu. Autana bai cika shekara uku ba da muka fito, bai tuna komai. 'Yar uwarsa ce ke zaunar da shi tana ba shi labarin gidan, ɗaki bayan ɗaki, don kada ranar komawa ya shiga kamar baƙo.