Aikin bayan labule

Yara, in kun je kallon wasan kwaikwayo, idonku yana kan ƴan wasa. Su ake gani, su ake yi ma tafi. Amma bayan labule akwai waɗansu mutane da ba a gani. Su ke shirya tufafi, su ke kafa kayan fage, su ke kula da fitilu. Na yi wannan aiki lokacin da nake lise a Damagaram.

A waccan shekara mun shirya wasa a kan Sarauniya Mangu ta Lugu, cikin ƙasar Dogon Dutsi. Ita ce ta yi yaƙi da rundunar Faransa ta Bule da Shanuwan a 1899. Abdullahi Mamani ya rubuta littafi a kanta a 1980, Med Hondo kuma ya mai da shi fim a 1986. Malaminmu na tarihi ya karanta mana littafin, sannan muka tsara namu wasan da Hausa.

Ƴan wasa su ashirin ne, mu na bayan labule mu shidda. Da zana muka yi bukkokin Lugu. Muka sassaƙa bindigogin icce, muka shafa musu gawayi. Zannuwa, layu, ƙore da kwari da baka kuwa, duk aro muka yi cikin unguwanni. Ni aka ba kaye in rubuta kowane abu da sunan mai shi. Wata tsohuwa ta ba mu zanen saƙi da ta gada wurin uwarta. Ta ce mini: « Ɗana, wannan ba na kasuwa ba ne. » Kowane marece ni ke ninke shi da hannuna, har ranar da na mayar mata. A nan na san nauyin kayan aro.

Abu na biyu shi ne tsari. Tsakanin fitowa da fitowa, minti biyu kawai gare mu mu kwashe bukkoki mu kafa sansanin soja. Ba magana, ba gudu, don masu kallo suna jin kowane motsi. Sai muka zana ma kowane abu wurinsa da alli a ƙasa, muka raba ma kowa kayan da zai ɗauka. Mako uku muna maimaitawa. Da farko minti bakwai muke yi, daga baya muka sauko biyu.

Ana jibi wasa, malam ya kawo fitilun ƙwai huɗu. Muka ce: « Mushe, ga wutar lantarki, mi za a yi da waɗannan? » Ya ce: « Ku zuba musu kananzir, ku gyara lagwani, ku aje ashana kusa. »

Daren wasa fili ya cika maƙil da iyaye da ƴan lakkol. Ana tsakiyar yaƙi, sai wuta ta ɗauke. Duhu ya rufe ko'ina, yara ƙanana suka fara kuka, waɗansu mutane suka tashi za su tafi. Da sun watse, wahalar wata uku ta tashi a banza. Amma kowanenmu ya san fitilarsa, ya san inda ashana take. Kafin a ƙirga talatin, fitilu huɗu suna ci a bakin fage. Sarauniya ta ɗaga murya ta ci gaba da kiran mayaƙanta, jama'a suka koma suka zauna.

Da aka gama, ƴan wasa suka fito, aka yi ta yi musu tafi. Mu muna can baya muna ƙirga kayan aro. Ba wanda ya kira sunanmu, amma mun san wasan ya kai ƙarshe, kuma da hannunmu a ciki.

Yau ni malamin lakkol ne, kuma ina ganin irin wannan aiki kullum. Kafin ku shiga aji, wani ya share shi, wata ta cika randa da ruwa. Kafin ku tashi barci, inna ta hura wuta ta dama kunu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Gobe da safe ku duba wanda ya yi muku aikin da ba ku gani ba, ku ce masa sannu. In kuma aikin ya faɗo kanku, ku yi shi da kyau, ko da ba mai kallo.